Taƙaitawa: Yaushe Ya Halatta A Saɓa Wa Doka?

'Yan'uwa, ga abin da na tattaro daga muhawararmu kan mai adaidaita sahu da ya ɗauko mace tana naƙuda zuwa Asibitin Murtala, sai danja ta tsayar da shi cikin dare.

1. Kusan kowa ya amince ya wuce bayan ya duba hagu da dama, domin don kare rai aka kafa danjar. An kafa hujja da ƙa'idar malaman fiƙihu cewa larura tana halatta abin da aka hana, da kuma yadda Sayyidina Umar ya dakatar da haddin sata a shekarar yunwa.

2. Kawuna sun rabu kan misalin masanin falsafa Bajamushe Immanuel Kant na 1797, wanda ya ce ko mai kisa ne ya zo ƙofarka yana tambayar inda abokinka ya ɓuya, ba ka da ikon yi masa ƙarya. Mafi yawa sun ƙi wannan, wasu kuma suka zaɓi yin shiru ko karkatar da magana.

3. Misalin masaniyar falsafa 'yar Birtaniya Philippa Foot na 1967, na kautar da jirgin ƙasa ya kashe mutum ɗaya maimakon biyar, bai samu matsaya ba.

4. Dattawanmu sun ja kunne cewa ana auna larura ne gwargwadonta, kuma ina tare da su ƙwarai, domin duk wanda ya makara zuwa Kantin Kwari zai iya kiran gaggawarsa larura. Shawararsu ita ce wanda ya saɓa doka ya tsaya ya yi bayani, ya kuma karɓi tara idan an ci shi.