Rumbun bayanai na bot ɗin hira: wa ya taɓa haɗawa da kansa?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina gudanar da bot (manhaja mai amsa saƙonni da kanta) na Telegram a kan kwamfutata, komai a fayil ɗin rubutu na JSON yake ajiyewa. Mambobi sun ƙaru, ina so in koma rumbun bayanai mai tebura masu alaƙa da juna. Waɗanda suka riga mu, ku faɗa mana abin da kuka gani da idonku.

Mai Lissafi: Wa alaikumus salam. Ni da manhajar rumbun bayanai ta SQLite na fara, har yau ban bar ta ba. Fayil ɗaya ce, ba sai ka tayar da wata saba (server) ba. Sai dai rubutu ɗaya take karɓa a lokaci guda, don haka ranar da hira ta yi zafi na riƙa ganin "database is locked". Da na kunna WAL (tsarin da ke barin a yi karatu yayin da ake rubutu), na kuma sa busy_timeout (lokacin jira idan rumbun yana kulle), abin ya lafa. Amma ga abin da ya fi muhimmanci, ƙanena: SQLite ba ta tsare alaƙar tebura sai ka rubuta umarnin PRAGMA foreign_keys = ON duk lokacin da bot ya buɗe haɗi. In ba haka ba, za ka goge mamba, saƙonninsa su zauna marayu a teburinsu.

Uwar Garke: Malam Mai Lissafi ya faɗi gaskiya, amma ni na koma PostgreSQL, rumbu mai aiki a kan saba, saboda bot ɗin da shafin masu kula duk rumbu ɗaya suke rubutawa. Don Allah lambar mai amfani a sa ta BIGINT, wato nau'in lamba mai bit 64, tun ranar farko. Nau'in INTEGER a PostgreSQL iyakarta 2,147,483,647, lambobin Telegram kuwa sun wuce nan, na Discord ma bit 64 ne. Abin da na gani a nawa shi ne tsofaffin mambobi suna shiga lafiya, sababbi kuma bot ya yi musu shiru, su ɗauka ƙin su ake yi. Wannan ya dame ni ƙwarai. Sannan tun sigar PostgreSQL 15 ta 2022, asusun gama-gari na rumbun ba ya iya ƙirƙirar tebur a public, wato sashen da tebura ke shiga idan ba a zaɓi wani ba, sai an ba shi izini. Mafi sauƙi, a buɗe wa bot asusunsa, a mallaka masa rumbun.

Baban Kebul: Hajiya, bari in ƙara da batun Docker, manhajar da ke gudanar da kowane shiri a keɓaɓɓiyar kwantena. A cikin kwantena, localhost, sunan da na'ura ke kiran kanta da shi, yana nufin kwantenar kanta, sai a kira rumbun da sunan da aka ba shi a fayil ɗin compose, inda ake jera kwantenonin. Ƙofar 5432 kuma, wadda ake shiga PostgreSQL ta cikinta, ban taɓa buɗe ta ga intanet ba.

Sabon Shiga: To MySQL fa, Yaya?

Baban Kebul: Tana aiki. Ka dai zaɓi tsarin haruffa na utf8mb4. Tsohuwar utf8 ɗinta bayit 3 take ɗauka, emoji kuwa 4 yake ci, hira kuma ba ta rasa emoji.

Uwar Garke: Ajiyar ko-ta-kwana fa, kada a manta. Ni pg_dump, umarnin kwafe rumbun PostgreSQL cikin fayil, nake yi kowane dare, in kwafe fayil ɗin zuwa wata na'ura, lokaci-lokaci kuma in loda shi a rumbun gwaji in ga ko bot zai tashi da shi. Mai SQLite ya yi amfani da umarnin .backup, kada ya kwafi fayil ɗin kai tsaye alhali bot yana rubutu.

Sabon Shiga: Na gode, Allah ya saka da alheri. Bot ɗaya ne gare ni, zan fara da SQLite, in kunna WAL da foreign_keys yau da daddare.