Abin da za a ci bayan cire haƙoran turmi na can ƙarshe

Shawarwarin da ake bayarwa bayan cire haƙori sun haɗu a kan abu ɗaya: a kiyaye gudan jinin da ya daskare a ramin haƙorin. In ya fita, ƙashi ya buɗe, ciwo mai tsanani kan taso bayan kwana 2 zuwa 4.

Saboda haka a awa 24 na farko a tsaya ga mai sanyi ko ɗumi kaɗan: yogot, ayaba da aka dama, romon da aka tace ya huce. Abinci mai zafi yana iya sake tayar da jini. A sha da cokali, kada a zuƙa da bututu har mako guda, domin zuƙar tana iya fizgo gudan jinin.

Daga rana ta biyu a ƙara soyayyen ƙwai mai laushi, dankali da aka murƙushe, fiya, da kifi marar ƙaya. Ƙwai da kifi ne suka fi muhimmanci, furotin ɗinsu ke gina naman da ya ji rauni. Zaƙi kaɗai ba ya warkarwa.

A guji gyaɗa, shinkafa, yaji da duk mai ƙananan ƙwayoyi, suna maƙalewa a ramin. Bayan awa 24, a riƙa kurkure baki a hankali da rabin ƙaramin cokalin gishiri cikin kofin ruwan ɗumi bayan kowane cin abinci.