Na gama kilomita 10, aka ce "na nawa ka zo?"

Mai Gudun Safe:
Salamu alaikum 'yan uwa. Wata takwas ke nan da na fara gudu. Ranar farko ko minti biyu ban yi ba na dafa gwiwa ina haki kamar zan shiɗe. Asabar ɗin da ta wuce na shiga gasar kilomita 10, na gama cikin awa 1 da minti 14, ban tsaya ko sau ɗaya ba. Na dawo da lambar da ake rataya wa duk wanda ya gama, ina ta washe baki, sai wani abokina ya ce, "To, na nawa ka zo?" Na ce na ɗari huɗu da wani abu. Ya kwashe da dariya. Wallahi tun ranar jikina ya yi sanyi, takalmin ma ban sake ɗaurawa ba. Mai gudu irina da me zai auna ci gabansa?

Yaya Mai Sassarfa:
Ƙanena, shi mai dariyar kilomita nawa ya yi ranar? Shekarata 11 ina gudu, ban taɓa shiga cikin hamsin na farko ba. In da matsayi ake aunawa, ai mutum ɗaya ne ya yi abin kirki, sauran sun ɓata safiyarsu. Shahararren ɗan tseren Kenya Eliud Kipchoge ya yi kilomita 42.195 a Vienna a 2019 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40, wato kowace kilomita wajen minti 2 da daƙiƙa 50. Kai taka minti 7 da daƙiƙa 24. Sana'arsa ce, kai kuwa kana gamawa ka yi wanka ka tafi aiki.

Ni burina ba ya wuce in fita sau uku a mako, ko ina jin ƙiwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko 75 na mai ƙarfi, kuma ina cika wannan. Sannan da safe kafin in tashi nakan ɗora yatsu biyu a wuyan hannu in ƙirga bugun zuciya. Da 82 ne a minti, yanzu 64. Ba wanda ya tafa mini a kan wannan, amma ya fi mini lambobin da ke rataye a bango.

Ɗan Agogo:
Yaya, a gafarce ni, ni sai da lokaci a gabana nake tashi daga gado. Malam, ka sa awa 1 da minti 10 a gasa ta gaba, da kanka kake tsere. Kada dai ka yi irin wautata. Na riƙa leƙa Strava, manhajar waya da masu gudu ke saka nisansu da lokacinsu, ina ganin abin da wasu ke yi, na ninka nisana cikin mako biyu, ƙwaurina ya kama ciwo, na zauna wata biyu cur. Masu horarwa kan ce ƙarin kada ya wuce kashi 10 cikin 100 a mako, kuma yawancin gudunka ya zama wanda za ka iya hira a cikinsa.

Mai Gudun Safe:
Na gode ƙwarai. Yaya, na ƙirga nawa yau da safe, 71. Na rubuta a bayan takardar lambar da na maƙala a ƙirji ranar gasar. Gobe zan fita, kilomita 4 kawai, a hankali. Maganar awa 1 da minti 10 ɗin kuma, Ɗan Agogo, bari in ga yadda ƙafar za ta yi tukuna.