Neman kalma: me za mu kira "fitness station" da Hausa?

Assalamu alaikum jama'a. Kwamitin unguwarmu a nan Kaduna ya haɗa kuɗi zai gyara ƙarafunan motsa jikin da ke gefen hanyar ƙafa ta bakin kogi, kuma mai rubuta allo yana jiran mu ba shi suna. Da Turanci "fitness station" ake ce wa irin wurin. Ni dai ban yarda a kafa allo a unguwar da kowa ke jin Hausa ba tare da Hausa a jikinsa ba.

Mu fara sanin abin. Ba ɗakin jim ba ne mai ƙofa da kuɗin wata. 'Yan ƙarafuna ne a fili, a bakin hanya: mai sassarfa ya tsaya, ya yi reto ko ya miƙe gaɓoɓi, ya wuce zuwa na gaba. A birnin Zurich na Suwizalan aka buɗe irin wannan hanya a 1968, wani kamfanin inshora ya ɗauki nauyi, ta isa San Francisco ta Amurka a 1973. Tun asali tsayawa da wucewa su ne jigon abin, don haka sunan da za mu zaɓa dole ya ɗauke su.

Ga abin da aka kawo zuwa yanzu. Wasu sun ce "tashar motsa jiki". Da ka ce tasha a garin nan, hankali sai ya tafi Kawo, ga 'yan kamasho ga hayaƙin mota. "Dandali" kuma ya yi girma, Dandalin Murtala muke kira haka, wurin taron dubban mutane. "Wurin motsa jiki" daidai ne, sai dai bai bambanta komai ba, filin wasa na Ahmadu Bello ma wurin motsa jiki ne, tsakar gidana ma haka.

Wani malamin makaranta ya kawo "mamotsa", a kan tsarin maƙera da marina da majema. Ƙirar ta yi, amma na faɗa wa mai waldar da muka ɗauko daga Panteka, sai ya ce, "Ma me, Malam?" Kalmar da sai an yi mata sharhi ba za ta zauna a allo ba.

Wadda ta kwanta mini wani dattijo ne ya kawo ta, cikin masu zagayen bayan sallar asuba: zango. Inda ayarin fatake ke sauka kenan, a sauke kaya, a shayar da jakuna, gari na wayewa a kama hanya. Sunan ba baƙo ba ne a jiharmu, ga Zangon Kataf ga Zangon Aya. Wata 'yar'uwa ta ce ai zango wurin hutu ne, mu kuwa gumi muke nema. Hajiya, maganarki tana da ƙarfi, amma duba: zangon karatu na farko da yaranmu ke yi ai ba hutu ba ne, aiki ne mai iyaka, a gama a shiga na biyu. Fatake ma ba kwanciya kawai suke yi a zango ba, nan ake ɗinke mangala a sake ɗaurin kaya. Ga shi yana ƙirguwa cikin sauƙi: zango na ɗaya, zango na biyu.

Saboda haka nake goyon bayan "zangon motsa jiki", hanyar kanta kuma "turbar motsa jiki".

Su ma ƙarafunan suna bukatar suna, domin takardar aikin gyara da Hausa za mu rubuta ta. Wanda ake kamawa a ɗaga jiki sama, ƙarfen reto. Biyun nan da ke jere, tagwayen ƙarfe. Su ne tsatsa ta fi ci, daidai gindi inda ƙarfe ya haɗu da siminti, domin nan ruwan damina ke kwanciya. Sai an yanke an yi sabuwar walda, a kankare saura, a shafa jan fenti kafin na sama. Notina kuma a liƙe su da walda saboda masu kwance ƙarfe da dare. Na kuma roƙi a dasa darbejiya kusa, don a watan Maris da Afrilu ƙarfen nan ba ya taɓuwa da rana.

Saura guda ɗaya: wanda ake taka fedoji biyu ƙafafu na kai da komo, wanda boris ɗinsa ya mutu. Yara suna ce masa lilo, shi ya sa suke hawa su uku suna karya shi. "Lilon ƙafa" zai ƙara musu ƙarfin gwiwa. Wa ke da sunan da ya fi wannan, kafin mai allo ya fara aiki ranar Asabar?