Na ɗaga fikof ɗina inci 3, me ya kamata in canja a ƙasa?

Dan_Fikof: Salam 'yan uwa. Na ɗaga motata 4x4 da inci 3, na cire taya mai tsayin inci 31 na sa mai inci 33. Kyau kam ta yi, amma yanzu in na taka totur daga tsaye sai in ji tana karkarwa ta ƙarƙashin kujera, sitiyari kuma ba ya dawowa da kansa bayan kwana, ga nauyi wajen tashi. Wani ya ce sai na canja giyar dif, wato akwatin giyar da ke raba wa tayoyi ƙarfin inji. Da me zan fara don Allah?

Oga_Sifana: Wslm. Malam bar maganar dif tukuna. Karkarwan nan yawanci farfela ce, wato dogon ƙarfen da ke kai juyin inji zuwa dif ɗin baya, da ka ɗaga bayan motar kwanciyarta ta canja, joyin ɗinta na aiki a karkace. In farfelar mai gida biyu ce a sauke boris ɗin tsakiya ƙasa kaɗan, ko a sa shim, wato ɗan ƙarfe mai tudu a gefe ɗaya, tsakanin sifirin da aksul ya gyara fuskar dif ɗin. Sitiyarin kuma kasta ce ta gudu, wato kusurwar ƙafar gaba da ke sa sitiyari ya dawo da kansa, kuma a inci 3 afa am na kamfani, wato hannun sama da ke riƙe tayar gaba, da wuya ya ba ka alaimen (saitin tayoyi) mai kyau, bol joyin ɗin ma yana nan a maƙure kullum, so ka nemi afa am da aka yi musamman don motar da aka ɗaga sannan a sake alaimen. Leƙa robar shaf na gaba ma, in ka ga giris ya fara fantsama to karkatar ta yi yawa.

Mai_Tirela44: Ni dai ina ganin giyar ma za a zo kanta. Lissafin ba wuya, reshiyon giyar dif ɗinka (wato sau nawa farfela ke juyawa kafin taya ta juya sau ɗaya) sau tsayin sabuwar taya, raba da na tsohuwa. Misali in 3.73 ne, zai ba ka wajen 3.97, kaga 4.10 ce ta kusa. Kuma giyar dif ɗin gaba da ta baya dole su zama iri ɗaya, in ba haka ba ranar da ka sa 4x4 za ka ji a jikinka.

Oga_Sifana: Lissafinka daidai ne yallaɓai, amma daga 31 zuwa 33 bambancin kusan kashi 6 ne kawai cikin ɗari. In ba jan kaya yake ba ko hawan tudu kullum zai iya haƙuri da ita. Da 35 ya sa, to ba musu.

Hajiya_4x4: Ba wanda ya ambaci tiyon birki! A ɗaga motar da jak tayoyin su sauko gaba ɗaya, in tiyon ko wayar ABS (na'urar da ke hana taya cijewa in an taka birki) ta miƙe ɗam a sa doguwa. Shokin baya ma haka, na da ya yi gajere. Sannan malejinka ƙarya yake maka yanzu, in ya nuna 100 kana wajen 106. Ku riƙa sauke fitila kuma don Allah, kuna kashe mana ido da daddare.

Dan_Fikof: Na gode sosai. Oga shim ɗin digiri nawa zan nema, ko sai an auna a jikin motar?