Zuciyata ta ƙi kwanciya, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimaka min da shawara, abin ya fara fin ƙarfina.

Ni tela ne a Kano, ina da mata da 'ya'ya uku. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 al'amura suka dagule min. Man janareta ya cinye ribar ɗinki, har na sayar da keken ɗinki ɗaya na biya kuɗin haya. Alhamdu lillahi, ba mu taɓa kwana da yunwa ba. Amma natsuwa ta gagare ni.

In na kwanta sai lissafi har kiran assalatu. Ran nan autata ta kawo min zanen da ta yi a makaranta tana murna, na daka mata tsawa ba gaira ba dalili. Yadda ta sunkuyar da kai ta fita har yanzu yana cina a rai.

Na san hadisin da ya ce wadata ta gaskiya ita ce wadatar zuci. Ina azkar safe da yamma. Facebook ma na goge shi, don ganin waɗanda muka koyi ɗinki tare sun yi gaba yana tayar min da hankali. Sai in samu sauƙi kwana biyu, abin ya dawo sabo.

Shin raunin imani ne wannan, ko ciwon damuwa ne da ya kamata in ga likita? Wanda ya taɓa shiga irin wannan hali, yaya ya yi ya dawo yana raha da iyalinsa? Ko uwargida ban gaya mata ba tukuna.