Muhawara: Kadangaren duwatsun Ostareliya jan gwada ne?

Mai Tambaya: Jama'a, na kalli bidiyon wani kadangare da ke zaune a kan falalen duwatsu a kudu maso yammacin Ostareliya, wanda masana ke kira Ctenophorus ornatus, kuma a ganina jan gwadanmu ne sak, illa dai Turawa sun laƙaba masa sunan dodo. Yana gyaɗa kai yana ɗaga ƙirji, daidai da wanda ke shan hantsi a kan katangar gidanmu.

Hajiya: Ban yarda ba, ƙanena. Tunda har aka kira shi dodo, ai danginsa shi ne ƙaton kadangaren nan na tsibirin Komodo a Indonesiya, wanda shi ma ake kira dodo.

Malamin Halittu: Hajiya, suna ne ya ruɗe ki, domin na Komodo dangin damo da guza ne, kuma tsawonsa yakan kai mita 3. Wannan kuwa ɗan ƙarami ne, kuma gaskiyar mai tambaya ita ce shi da jan gwada gida ɗaya suka fito, wato Agamidae, waɗanda haƙoransu ke manne a saman ƙashin muƙamuƙi kamar na hawainiya. Amma zama gida ɗaya bai sa sun zama jinsi ɗaya ba. Na Ostareliya yana da jerin 'yan ƙofofi a ƙarƙashin cinya, jan gwada kuwa ba shi da su a cinyarsa. Sannan jikinsa a baje yake, ta yadda idan shaho ya kawo sura sai ya sulale ƙarƙashin ɓawon dutsen da ya ɓamɓaro, ya lafe a tsagar da yatsa ma da ƙyar zai shiga.

Mai Tambaya: To Malam, gyaɗa kan fa? Wannan ai ba a banza suka yi tarayya a kansa ba.

Malamin Halittu: Ɗabi'a ce ta 'yan gidan da yawa, namiji yana nuna wa abokan hamayya iyakar wurinsa, yana kuma jan hankalin mace. Inda suka rabu sosai shi ne jan gwada ya saba da mutane, yana rayuwa a bango da rumbu, shi kuwa wancan dutsen ne gatansa, shi ya sa masu kwashe falale don ƙawata lambu suke raba shi da mafaka.

Hajiya: Na janye batun Komodo, Malam, amma ƙanena bai ci muhawarar ba shi ma.